Ƙofar Kotu: Tarihin Hukumar Gunduma a Ƙasar Amurka

Duk wanda ya saba jin labarin Amurka ta rediyo, abin da ya fi shiga kunnensa shi ne sunan shugaban ƙasa da na majalisun birnin Washington, har ya zaci babu wata hukuma a ƙasar sai su. Alhali kuwa talakan Amurka yana iya rayuwa tun daga zanen goyo har zuwa likkafani bai taɓa haɗa ido da wani babban ma'aikacin tarayya ba, amma da wuya shekara ta kewayo bai yi mu'amala da hukumar gundumarsa ba. A galibin jihohi can ake rubuta hujjar mallakar gida da gona, can ake karɓar takardar izinin ɗaurin aure, can ake biyan harajin gida, can ake rajistar masu zaɓe, kuma idan ajali ya zo can ake kai wasiyya a tabbatar da ita kafin a raba gado. Gundumomin nan sun haura 3,000, kuma ba su yi daidai da juna ba ko kusa, domin ta Los Angeles tana ɗauke da mutum wajen miliyan 10, ta Loving kuwa, a jihar Texas, ƙidayar 2020 mutum 64 kacal ta samu a cikinta. Abin da ya sa tarihin wannan hukuma ya cancanci nazari shi ne abubuwa biyu da suka tashi tare a cikinta tun farko, watau hidimar jama'a da isar da labari ga jama'a, waɗanda duk sa'ad da ɗayansu ya raunana sai ɗayan ya bi shi.

Asalin tsarin a Ingila yake, tun fiye da shekara dubu da suka shuɗe, lokacin da sarakunan Wessex suka rarraba ƙasarsu gunduma gunduma domin sauƙin tara mayaƙa da karɓar haraji, sa'an nan, da ikonsu ya faɗaɗa zuwa tsakiyar Ingila a ƙarni na 10, suka shimfiɗa wannan rabo a kan ƙasashen da suka ci. A kowace gunduma sarki yana da wakili mai muƙamin sherif, wanda ke tara kuɗin sarki, ya kama masu laifi, ya kuma kira taron gunduma. Dokar Sarki Edgar kuwa, wanda ya yi mulki daga 959 zuwa 975, ta wajabta a yi wannan taro sau biyu a shekara, a gaban bishop da babban hakimin yankin. Da William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi a 1066 ya tuɓe manyan ƙasar kusan duka, ya raba filayensu ga mutanensa, amma gunduma da sherif bai taɓa su ba, domin ya gane ta wurinsu ne kaɗai hannunsa zai kai ga ƙauye. Hasali ma, da ya so sanin dukiyar ƙasar a 1086, gunduma gunduma wakilansa suka bi, suna rantsar da mutane, suna rubuta gonaki da garmuna da dabbobi da abin da kowane fili ke bayarwa.

A wancan zamani da babu jarida babu gidan waya, kuma masu iya karatu ba su wuce malaman coci da wasu ƙalilan ba, taron gunduma shi ne kunnen ƙasa. Takardar sarki tana isowa hannun sherif, shi kuwa ya sa a karanta ta da babbar murya a taro da cikin kasuwanni, masu ji su koma ƙauyukansu su shaida wa waɗanda ba su halarta ba. Haka aka yi a 1215, yayin da manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John yarjejeniyar nan mai suna Magna Carta, ya aika wa kowane sherif umarnin a karanta ta a bainar jama'a. Ka'idar kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya leƙa fiƙihu, cewa hujja ba ta tsayawa a kan mutum sai bayan an isar masa. Daga baya ikon sherif ya ragu, aikin ya koma hannun alƙalan sulhu, waɗanda dokar 1361 ta tabbatar da su, masu zama sau huɗu a shekara suna yanke hukunci, suna kuma duba gadoji da kurkuku da lasisin gidajen giya. Su kuwa masu filaye ne da sarki ke naɗawa, babu wanda ya zaɓe su, kuma a haka aka zauna har 1888, sa'ad da majalisar Ingila ta yi dokar kafa majalisun gunduma na zaɓe. Irin waɗannan majalisu ne Turawa suka kwaikwaya a Jihar Gabas ta Nijeriya da dokar 1950, aka buɗe ta farko a Ikot Ekpene a 1951, alhali a Arewa an ci gaba da En'e a ƙarƙashin sarakuna.

Amma tun kafin Ingila ta kai ga zaɓe, wani reshe na wannan tsari ya riga ya haye teku. Ingilishin da suka kafa Jamestown a yankin Virginia a 1607, da suka gano arzikinsu a noman taba yake, sai suka watsu a gaɓar koguna, kowa da gandunsa mai faɗi, nesa da maƙwabcinsa, ba birni ba kasuwa, har ya zama wahala ce babba mutum ya bar gona ya yi kwanaki a kan ruwa domin ƙarar bashi ko tabbatar da wasiyya. Saboda haka a 1634 aka raba Virginia gunduma 8, wasunsu kuwa, irin su Henrico da James City da Charles City, suna nan da sunayensu har yau. Gwamna ne ke naɗa alƙalan sulhu na kowace gunduma, amma da yake idan gurbi ya samu sauran alƙalan ne ke gabatar masa da sunan wanda zai cike shi, sai muƙamin ya zama tamkar gado a cikin gidaje kaɗan na masu manyan gandaye. Daga cikinsu ake fid da sherif bi da bi, tare da su kuma akwai magatakarda, wanda da yawa yakan shekara aru-aru a kan kujerarsa, alƙalai su zo su wuce yana nan riƙe da littattafai. A garin Eastville na gundumar Northampton akwai littattafan kotu da suka faro daga 1632 ba tare da yankewa ba.

Wanda ya buɗe irin waɗannan littattafai zai tarar shari'a da mulki da hisba duk a zaure ɗaya suke, kuma a rana ɗaya ake yin su. Kotun da ta saurari ƙarar bashi da safe ita ce za ta ba da umarnin share hanya daga wani gandu zuwa mashigin kogi, ta naɗa wanda zai tara mazan unguwa su yi aikin, ta yanke kuɗin fito, ta ba masu masauki lasisi tare da ƙayyade farashin abinci da abin sha da harawar doki, ta duba mudu da ma'auni, ta naɗa wa marayu waliyyi ko ta danƙa su ga mai sana'a su koyi aiki, ta kuma biya lada ga wanda ya kawo kan kyarkeci. Sau ɗaya a shekara alƙalai su lissafa abin da aka kashe, su raba shi a kan yawan waɗanda haraji ya hau kansu, kowa ya biya da laba kaza ta taba, domin taba ce kuɗin ƙasar. Miskinai kuwa a wuyan majalisar coci suke, sai bayan yaƙin neman 'yanci, da aka raba coci da hukuma, sa'an nan nauyinsu ya dawo kan gunduma. Ta wannan ƙofa manyan ƙasar da yawa suka fara aikin hukuma. George Washington kansa yana ɗan shekara 17 aka naɗa shi safiyon gundumar Culpeper a 1749, daga baya kuma ya zauna cikin alƙalan gundumar Fairfax.

Ranar zaman kotu, wadda ke zuwa sau ɗaya a wata, ta yi kama da ranar kasuwar ƙauye, inda rabin masu zuwa ba ciniki ya kawo su ba, jin abin da duniya ke ciki ya kawo su. Tun da hantsi filin da ke gaban kotu ya cika da dawakai da 'yan koli da masu bin bashi da 'yan takara, ana musayar dabbobi, ana biyan bashi, ana sauraron lauyoyi kamar yadda ake sauraron masu wasa. A jikin ƙofar kotu ake liƙa sanarwa, ta dokin da ya ɓace, da filin da za a yi gwanjonsa, da mutumin da ke shirin barin ƙasa domin masu binsa bashi su sani, da ranar zaɓe. A bakin ƙofar kuma sherif ke tsayawa ya yi shelar sabuwar doka. Zaɓen ma da baki ake yi, mai jefa ƙuri'a ya tsaya gaban sherif da 'yan takara ya ambaci sunan wanda yake so, magatakarda ya rubuta, kowa yana ji. Ko da aka fara buga jaridar Virginia Gazette a Williamsburg a 1736, mutum kaɗan take isa gare su, saura kuwa sai ranar kotu su ji abin da ke cikinta daga bakin wanda ya karanta.

Ba abin mamaki ba ne, ashe, da tawayen Amurkawa ga Ingila ya yi saiwa a waɗannan filaye. A kotun gundumar Hanover ne, a 1763, wani matashin lauya mai suna Patrick Henry ya tsaya a shari'ar albashin malaman coci ya soki sarkin Ingila a fili saboda soke dokar da majalisar Virginia ta yi, masu taya alƙali yanke hukunci kuwa suka ba malamin da ya kawo ƙara diyyar kwabo ɗaya tak. A Yulin 1774 mutanen gundumar Fairfax suka taru, Washington yana shugabancin taron, suka amince da ƙudurorin da George Mason ya tsara na ƙin harajin da ba su da wakilci a cikin sanya shi. Da aka ayyana 'yancin kai a 1776, majalisar gwamnan Virginia ta yi umarni a buga takardar a jaridu, kowane sherif kuma ya karanta ta a ƙofar kotunsa a ranar zama ta farko. Watau da hanyar da sarki ke isar da umarninsa aka isar da labarin tuɓe shi.

Sai dai gaskiya ba ta cika idan aka tsaya nan, domin ƙofar da aka karanta takardar 'yanci ita ce ƙofar da ake gwanjon bayi idan ubangijinsu ya mutu da bashi, a raba uwa da ɗa domin biyan masu bi. A lissafin haraji ana ƙidaya baiwa baƙar fata, ba a ƙidaya matar Bature, saboda an ɗauki ta farko kayan aikin gona. Gunduma ce kuma ke shirya 'yan sintirin dare masu kama bawan da ya fita ba takarda. Tun daga ƙarshen ƙarni na 18 doka ta wajabta wa baƙar fata 'yantacce ya je wurin magatakarda a rubuta sunansa da shekarunsa da tsawonsa da tabon jikinsa, ya riƙa yawo da takardar shaida, in ba haka ba a tsare shi a matsayin gudajjen bawa. Wani abu na hikimar Allah shi ne, waɗannan littattafai da aka rubuta domin danniya su ne jikokin bayin ke bincika a yau suna gano kakanninsu a ciki. Wasu kam ba su da wannan rabo, domin gundumomi da dama sun aika littattafansu birnin Richmond domin ajiya a lokacin yaƙin basasa, gobarar da ta ci birnin a Afrilun 1865 ta haɗa da su. Alƙalan sulhun nan masu gadon kujera kuwa sun daɗe, sai tsarin mulkin jihar na 1851 ya sa a riƙa zaɓensu, wani sabon tsarin mulki da ya fara aiki a 1870 kuma ya raba mulki da shari'a, ya kafa majalisar masu kula da gunduma da makarantun gwamnati.

Yayin da jama'a suka kwarara yamma, suna karɓe ƙasar mutanen asali da yarjejeniya ko da bindiga, gunduma tana biye da su, wani lokaci ma tana gabansu, domin akan zana iyakarta a taswira tun ba a gina bukka goma a cikinta ba. Ana cewa ma'aunin da magabata suka bi shi ne manomi ya iya zuwa hedikwata a kan doki ko keken doki, ya gama buƙatarsa ya koma gida a yini guda. Ala ayyi halin, jihar Georgia ta ƙare da gunduma 159, Texas da 254, Delaware kuwa 3 kawai. Da yake garin da ya sami hedikwata ya sami lauyoyi da masauki da banki da jarida, wanda ya rasa kuwa sau da yawa ya zama kufai, sai neman wannan matsayi ya zama fitina. A jihar Kansas, a Janairun 1889, mutanen garin Ingalls suka ɗauko 'yan bindiga suka faɗa wa garin Cimarron domin su kwashe littattafan gundumar Gray, aka yi harbe-harbe har da asarar rai. Ba ginin suka je ƙwata ba, littattafan suka je ɗauka, domin sun sani inda hujjojin filaye suke nan hukuma take.

A wannan ƙarni na 19 ne shela ta tashi daga bakin sherif ta koma shafin jarida. Dokokin jihohi suka wajabta a buga wasu sanarwa a jaridar da ke fita a cikin gunduma kafin su zama halal a shari'a: sunayen waɗanda haraji ya taru a kansu, da gwanjon da sherif zai yi, da kiran masu bin mamaci bashi, da lissafin abin da majalisar gunduma ta kashe. Kuɗin wannan bugu shi ne jarin ƙaramar jaridar mako-mako, har akan sami mai injin bugu ya ɗora kayansa a keken doki ya nufi sabuwar gunduma tun kafin masu karatu su iso. Majalisar tarayya ta ƙara musu ƙarfi a 1851, da ta yarda gidan waya ya raba jaridar mako kyauta a cikin gundumar da aka buga ta, sa'an nan daga 1896 aka fara kai wasiƙu har ƙofar gidan gona, manomi ya daina jiran ranar kotu kafin ya ji labari. Amma abin yana da illa ta ɓoye, domin majalisar gunduma ce ke zaɓar jaridar da za a ba aikin, kuma galibi ta jam'iyyarsu take ba. Editan da abincinsa ke hannun waɗanda ya kamata ya bincika kuwa, sai mai ƙarfin zuciya ƙwarai ne zai buɗe baki.

Hidimar kanta a wancan lokaci ƙarama ce, wani sashenta ma abin kunya ne. Hanya dai aikin tilas ce, kowane namiji baligi ya ba da 'yan kwanaki a shekara ko ya biya fansa, shi ya sa damina na sauka hanyoyi su zama taɓo. Miskini kuwa, a wurare da dama gwanjonsa ake yi a juye, a ba da shi ga wanda ya yarda ya ciyar da shi a kan kuɗi mafi ƙaranci, mai karɓar kuma ya mori ƙarfinsa. Daga baya aka gina gidajen gajiyayyu masu gona, inda ake tara tsoho da maraya da mai taɓin hankali da mashayi a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ma'aikata da yawa ba su da albashi sai ladan kowace takarda da kowane kamu, wasu sherif-sherif kuma ana ba su kuɗin ciyar da fursuna kai-kai, abin da suka rage nasu ne, kowa kuwa ya san abin da wannan ke haifarwa a tukunyar kurkuku. Ga shi ana zaɓen sherif dabam, ma'aji dabam, magatakarda dabam, mai kimanta haraji dabam, mai binciken gawa dabam, babu wanda ke ƙarƙashin wani, idan abu ya lalace ba a san wuyan da za a kama ba. Wannan ne ya sa wani marubuci, H. S. Gilbertson, a littafin da ya wallafa a 1917, ya kira gunduma nahiyar duhu ta siyasar Amurka, yana aron laƙabin nan na raini da Turawa suka laƙaba wa Afirka.

Alhali kuwa a daidai waɗannan shekaru gyara ya riga ya fara shigowa ta hannun wasu irin ma'aikata da ba a saba gani ba, waɗanda ba sa zama a ofis su jira talaka, su ne ke binsa har gida. Da ƙwaron auduga ya addabi kudu, Seaman Knapp ya buɗe gonar gwaji a Terrell ta jihar Texas a 1903, bisa ra'ayin cewa manomi ya fi gaskata abin da ya gani a gonar maƙwabcinsa a kan abin da aka karanta masa. A 1906 aka naɗa Thomas Campbell, ɗalibin makarantar Tuskegee, malamin gona na baƙaƙen manoma a gundumar Macon ta Alabama, yana yawo da keken doki cike da iri da kayan aiki. Dokar 1914 kuma ta shimfiɗa aikin a ƙasa duka, tarayya da jiha da gunduma suna haɗa kuɗinsa. Ta fannin lafiya, yaƙin da aka fara da tsutsar ciki a 1909 da kuɗin Rockefeller gunduma gunduma ya bi, kuma a 1911 gundumar Yakima, bayan annobar taifot, da gundumar Guilford ta North Carolina suka ɗauki likitocin da ba su da wani aiki sai lafiyar jama'a. A gundumar Washington ta jihar Maryland wata ma'aikaciyar laburare, Mary Titcomb, ta sa aka ƙera keken doki mai kantoci a 1905, yana kai littattafai gidajen gona. Kowane ɗayansu rabin aikinsa isar da labari ne, yaushe za a yi shuka, ina za a haƙa masai nesa da rijiya, wace rana za a yi lamba, kuma jaridar mako ce ke buga musu, daga baya rediyo ta taya.

Sauran gyaran a hankali ya zo. Kalifoniya ta ba gundumominta izinin tsara wa kansu dokar mulki a 1911; mutanen Arlington a Virginia suka zaɓi a 1930 a riƙa ɗaukar ƙwararren manaja mai albashi ya tafiyar da ayyuka a ƙarƙashin majalisa; dokar tallafin tsofaffi ta 1935, da yake ta hana ba da kuɗin ga wanda ke zaune a gidan gajiyayyu na hukuma, ta sa waɗannan gidaje suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Bayan yaƙin duniya na biyu, da mutane suka fita daga birane suka cika karkarar da ke kewaye da su, hukumar da aka gina domin manoma ta wayi gari tana ba da ruwan famfo, tana kwashe shara, tana riƙe da asibiti da 'yan kwana-kwana. Garin Lakewood, da ya zama birni a 1954, bai kafa 'yan sandansa ba, ya sayi wannan hidima da wasu da dama daga gundumar Los Angeles bisa yarjejeniya, garuruwa masu yawa kuma suka bi sawunsa. Jihar Connecticut ita kam soke hukumomin gunduma ta yi a 1960, domin tun asali a wancan yanki hukumar gari ce ke da ƙarfi.

Amma kusancin hukuma da jama'a ba ya haifar da adalci shi kaɗai, kuma babu hujjar da ta fi ta gundumar Prince Edward a Virginia. A 1951 ɗaliban makarantar Moton ta baƙar fata, bisa jagorancin wata yarinya 'yar shekara 16 mai suna Barbara Johns, suka ƙaurace wa karatu saboda cunkoso da lalacewar azuzuwa, ƙararsu kuma ta shiga cikin ƙararrakin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansu a 1954, ta haramta raba makarantu bisa launin fata. Maimakon biyayya, sai majalisar gundumar ta ƙi ware ko kwabo domin makarantu a 1959, aka rufe su duka, aka buɗe wa 'ya'yan farar fata makarantar kuɗi, yaran baƙar fata wajen 1,700 suka rasa makarantar gwamnati har shekara 5, sai da Kotun Ƙoli ta sake yin hukunci a 1964 aka buɗe. Jaridar garin Farmville na wannan gunduma kuwa, wadda ya kamata ta zama idon jama'a, tana cikin masu goyon bayan rufewar. A Selma ta gundumar Dallas a Alabama, inda baƙar fata wajen 15,000 suka isa zaɓe amma masu rajista ba su wuce 300 da 'yan kai ba, ofishin rajista kwana biyu kawai yake buɗewa a wata, sherif Jim Clark kuma yana tsaye a matakalar kotu da kulki yana korar masu layi. Abin da ya karya shi shi ne 'yan jaridar waje da masu ɗaukar hoton talabijin da suka kai labarin gundumar ga ƙasa duka. Aka yi dokar kare haƙƙin zaɓe a 1965, a zaɓen 1966 kuma ƙuri'un waɗanda ya kora suka taimaka wajen sauke shi.

Darasin da Amurkawa suka ɗauka daga irin waɗannan al'amura shi ne su ɗaure hukumar kusa da sharuɗɗan bayyanawa. Tun a 1953 Kalifoniya ta yi dokar da ta wajabta wa majalisun gunduma da na gari su yi zamansu a buɗe, bayan da jaridar San Francisco Chronicle ta tona yadda ake yanke shawara a ɓoye, sauran jihohi kuma suka yi makamantanta. A 1968 Kotun Ƙoli ta hukunta, a ƙarar gundumar Midland ta Texas, cewa mazaɓun majalisar gunduma su zama kusan daidai a yawan jama'a, kada tsirarun ƙauye su rinjayi dubban birni. A yau ana sanar da ajandar zama tun kafin ranar, ana ba kowane mazauni 'yan mintoci ya faɗi kukansa, kasafin kuɗi yana kan intanet, gargaɗin ambaliya ko gobarar daji yana shigowa wayar hannu, kuma a lokacin annobar korona ofisoshin lafiya na gunduma ne suka ɗauki kaso mai yawa na gwaji da rigakafi.

Sai dai wata mas'ala ta taso wadda magabata ba su hango ba. Tun daga 2005 jaridun Amurka fiye da kashi ɗaya cikin uku sun rufe, galibinsu ƙananan na mako-mako, saboda tallace-tallace sun koma intanet, har binciken jami'ar Northwestern ya nuna gundumomi fiye da 200 ba su da wata kafar labarai ta gida ko ɗaya. Sanarwar doka, wadda ita ce ragowar jarin waɗanda suka saura, ita ma ana janye ta, domin jihar Florida ta yi doka a 2022 da ta yarda a buga irin wannan sanarwa a shafin intanet na gunduma maimakon jarida. Masu goyon baya suna cewa an rage wa baitulmali kashe kuɗi, kuma labari ya fi saurin isa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin ba a taɓa yin zamanin da gunduma ke fitar da sanarwa da yawa kamar yanzu ba, ta shafinta da ta Facebook. Amma hukumar da ke ba da labarin kanta mai shela ce, ba shaida ba ce, kuma a fiƙihu ba a karɓar shaidar mutum a kan abin da yake da amfani a cikinsa. Shafin gunduma zai sanar da kai ranar buɗe sabuwar gada, ba zai gaya maka wanda aka ba kwangilar surukin wane ne ba. Dokar zama a buɗe ta wajabta a bar ƙofa a buɗe ne kawai, ba ta iya wajabta wa kowa ya shiga. Saboda haka inda jarida ta mutu, zaman sauraron majalisa da bin diddigin kasafinta ya zama farilla ta kifaya a kan mazauna, idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, idan kuwa kowa ya bar wa wani, asarar ta hau kan kowa, har da wanda bai taɓa sanin ranar da ake zaman ba.